Kurege ya addabi mazubin tsuntsayenka? Shamaki, keji, mai rufe kansa ko barkono, wanne ya fi

Duk wanda ya rataya mazubin abinci a bayan gida don tsuntsaye su riƙa sauka yana kallonsu yana jin daɗi, to ya sani fa ba su kaɗai ya gayyata ba, kurege ma yaji gayyatar, kuma shi ba ya zuwa da kunya. Tsuntsu zai ɗauki ƙwaya ɗaya ya tashi abinsa, shi kuwa gogan naka zama yake yi dirshan, ya ci ya ƙoshi, ya watsar da rabi a ƙasa yana neman wadda ta fi masa daɗi, ya kwashi wasu yaje ya binne, in kuma mazubin na roba ne ya gwagwiye bakin ya faɗaɗa shi yadda gobe ba sai ya sha wahala ba. Abin da yawancin mutane ke yi in ransu ya ɓaci shine su ruga su sayi duk abin da aka rubuta a kwalinsa wai kurege baya iya taɓawa. Ni dai shawarata kafin ka taɓa aljihu ka ɗauko tef ɗin awo ka fita ka auna wajen, don amsar wanne ya fi tana wajen filinka ne, abin da yayi wa maƙwabcinka aiki kai yana iya zame maka asarar kuɗi zalla.

Sai ka fara sanin da wa kake yi tukunna. Wanda ya fi damun masu ciyar da tsuntsaye shine kuregen bishiya mai ruwan toka, ɗan asalin gabashin Amurka ta Arewa, wanda aka kai shi Ingila tun 1876 ya bazu har ya kusa korar jan kuregensu na asali daga yawancin ƙasar. Nauyinsa kamar giram 400 zuwa 600 ne, ka riƙe wannan adadin don zamu dawo kansa. Ƙafafunsa na baya suna juyawa a idon sawu har su kalli baya, shi yasa yake saukowa daga bishiya kai a ƙasa, kuma shi yasa yake iya maƙale ƙafa a reshe ya yi reto yana ci da hannu biyu hankali kwance. Haƙoransa na gaba basa daina girma har ya mutu, gwagwiya a wajensa dole ce, don haka roba da katako duk nama ne, ƙarfe kawai yake shakka. Baya kuma yin dogon barcin hunturu irin na wasu dabbobin, duk shekara yana nan tare da kai.

Tsalle kuwa sai wanda ya gani. Masu harkar suna da wani lissafi da suke cewa 5, 7, 9: daga ƙasa da wuya ya tashi sama da ƙafa 5, a kwance daga bishiya ko katanga yana cin kamar ƙafa 7, daga sama kuma baya son ya diro fiye da ƙafa 9. A mita kenan kamar ɗaya da rabi, biyu da ɗan wani abu, sai kusan uku. Ba doka bace, akwai zaƙaƙurai da ke wuce haka musamman in sun taso daga waje mai tsayi suna gangarowa, shi yasa masu hankali suke cewa a bar ƙafa 10 kawai a huta. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka fitar da wani aiki a mujallar Science, sun riƙa jan kuregun daji da gyaɗa suna canza musu nisa da laushin reshen da zasu taka su yi tsalle, kuregun nan cikin gwaji kaɗan suke gyara lissafi, wasu ma bango suke dokawa da ƙafa su karkata su sauka inda suke so, kuma babu wanda ya faɗo. To abin da kake fama da shi kenan, dabba ce mai koyo kuma tana da yini guda ba aikin fari ba na baƙi sai nazarin mazubinka.

Hanya ta farko, kuma ita na fi yarda da ita in akwai fili, ita ce turken ƙarfe da shamaki. Ka kafa bututun ƙarfe mai santsi a tsakiyar fili, nesa da bishiya da katanga da rufi da igiyar shanya da duk abin da zai taka, ka ɗora mazubin a sama, sannan a ƙasan mazubin ka saka shamakin da zai tare shi in ya hawo. Turken shi kaɗai baya hana komai fa, kurege yana hawa ƙarfe siriri kamar an shimfiɗa masa tsani, shamakin ne mai aikin. Iri biyu ne ake yawan samu. Akwai mai faɗi mai kamar malafa da aka kifa, akwai kuma dogo mai kamar bututun hayaƙi wanda samansa a rufe yake ƙasansa a buɗe. Mai malafa in zaka saya kar faɗinsa ya gaza inci 15, in ka samu 18 ya fi, don ƙarami kurege miƙa jiki kawai yake ya kama gefen ya haye. Mai bututun kuwa shi dabararsa daban, kurege zai hawo ya shige cikinsa ya tarar da rufi a kansa ba hanya, in ya ce zai rungume shi ta waje kuma yayi masa kauri ga santsi, sai ya sulmiyo. Tsakanin su biyun ni mai bututu zan ɗauka a kan turke, iska bata kaɗa shi sosai, kuma a wuraren da ake da rakun, wannan dabbar dare mai hannu kamar na mutum, babban mai bututu wanda kaurinsa ya kai inci 8 tsawonsa ƙafa 2 shine ke tare ta, malafa kam wasa take da ita.

Inda mutane ke ɓata abin shine wajen kafawa. Saman shamakin ya zama aƙalla ƙafa 4 daga ƙasa, 5 ma ya fi, in ka saka shi ƙasa-ƙasa ai tsalle ɗaya zai yi ya wuce shi ya kama turken ta sama. Sannan kar ka ɗaure shi tamau, a barshi yana ɗan lilo a kan zoben da ke riƙe da shi, wannan rawar da yake yi in an taɓa shi ita ce rabin aikin. Mazubin ma kar ya saƙalo ƙasa da shamakin, na sha ganin an rataya dogon mazubi a hannun turke gindinsa ya sauko har ya wuce shamaki, to me aka yi kenan, an gudu ba a tsira ba. Sai kuma ƙananan abubuwan da ido baya kamawa: kujerar da aka bari kusa, tukunyar fulawa, durom, kwandon shara, tarin itace, a ƙasashe masu dusar ƙanƙara har tudun ƙanƙarar da ta taru a gindin turke tana ƙara masa tsawo. Reshe ma yana girma, wanda bara yake ƙafa 10 bana ya matso.

Abin da yasa na fi son wannan hanyar shine bata zaɓar tsuntsu. Kowane irin mazubi kake da shi, ko na roba ne ko na katako ko faranti a buɗe, zaka iya ɗorawa, kowane irin abinci zaka zuba, manyan tsuntsaye da ƙanana kowa zai ci, babu batir babu sifirin da zai lalace, sau ɗaya ka saya shekaru kana mora. Turke ɗaya ma yana ɗaukar mazubi uku ko huɗu, shamaki ɗaya ya tsare su duka, in ka lissafa da haka ta fi kowace hanya sauƙi a aljihu. Matsalarta guda ce amma babba: fili. Ƙafa 10 ta kowane ɓangare yana nufin kana buƙatar sarari mai faɗin ƙafa 20 wanda babu komai a ciki kuma babu reshe a samansa, gidaje da yawa basu da haka. In baka da shi kar ka yaudari kanka da cewa ai ƙafa 6 ma zata yi, ba zata yi ba, shamakin zai zama ado kawai kurege na dirowa ta sama yana maka dariya. Wani abin kuma tsuntsaye ƙanana suna son mazubi ya kasance da ɗan kusanci da duhuwa inda zasu faɗa in shaho ya kawo farmaki, to ƙafa 10 ɗin nan ta yi musu daidai, in kayi nisa da yawa sai su ɗauki lokaci kafin su saba.

In dole a bishiya zaka rataya, akwai malafar sama wadda ake sakawa a kan mazubin don ta tare mai saukowa ta igiya. Tana aiki amma bata kai ta turke ba gaskiya, sai ta kasance mai faɗi sosai ta rufe mazubin gaba ɗaya, kuma a rataya nesa da jikin bishiyar a ƙarshen reshe, in ba haka ba ta gefe zai shigo bai ma san da wata malafa ba. Wasu suna ja waya tsakanin bishiya biyu su zura gorunan roba a jiki ta kowane gefe yadda in ya taka sai su juya da shi, dabara ce mai kyau kuma kusan kyauta, sai dai akwai kuregun da ke koyon tsallake gorunan, ga kuma muni, bayan gida ya koma kamar wajen tara shara.

Hanya ta biyu ita ce mazubi mai rufe kansa, wannan shine na wanda bashi da fili. Nan ne nauyin nan da na ce ka riƙe yake shigowa. Gwara nauyinta kamar giram 30 ne, jan tsuntsun nan na Amurka kadinal kamar 45, kurege kuwa 500, to tazarar tana da yawa, sai masu ƙira suka saka sifirin, in abu mai nauyi ya hau sai rigar ƙarfen da ke waje ta zame ƙasa ta toshe ƙofofin abincin, yana sauka ta koma sama. Wanda aka fi sani a wannan layin shine Squirrel Buster na kamfanin Brome da ke Kanada, akwai kuma wasu da yawa masu irin dabarar. Amfaninsa a fili yake, ko a jikin baranda ko ƙarƙashin bishiya zaka rataya, ba ruwanka da ko kurege ya iso wajen, ya iso ɗin mana, ba zai samu komai ba. Wasu samfurin ma ana iya juya sifirin ɗin a rage ko a ƙara, in tantabaru ko hankaki sun dame ka sai ka sassauta shi yadda su ma in sun hau zai rufe.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne da kurege ya ɗora nauyinsa a kan mazubin. In ka rataya shi kusa da turke ko reshe ko bango, sai ya maƙale ƙafafun baya a can ya miƙo jiki ya riƙa ɗiba da hannu, sifirin bai ji komai ba balle ya rufe. Shi yasa su kansu masu ƙirar suke cewa a bar masa sarari kamar inci 18 ta ko'ina, har ta sama, wato ƙugiyar ratayawa ta zama doguwa. Kaga inci 18 da ƙafa 10 ai ba ɗaya ba, kusan kowane gida zai samu. Na biyu, ƙananan dangi irin su jan kuregen Amurka wanda baya wuce rabin nauyin mai toka, da ɗan ƙaramin nan mai zane a baya da ke zama a rami, da 'ya'yan kurege sabbin fitowa, su wani lokacin nauyinsu baya isa ya rufe ƙofa sai in ka gyara sifirin, in ka gyara da yawa kuma tsuntsaye uku su sauka tare ya rufe musu. Na uku yana son wanka, ɓawon iri da ƙura da danshi in suka taru a tsakanin rigar da bututun sai ya riƙa cijewa, ko ya maƙale a buɗe ko a rufe. Kuma don Allah in zaka saya ka duba duk inda haƙori zai kai ƙarfe ne, araha bata ado, mai arhar da aka yi murfinsa da roba sati kaɗan zaka tarar an huda shi ta sama. Yana da tsada fiye da shamaki, kuma mazubi ɗaya kawai ka tsare, in kana son uku sai ka sayi uku.

Akwai ɗan'uwansa mai inji, irin Yankee Flipper na Droll Yankees, shi in kurege ya taka zoben da tsuntsaye ke sauka sai mota ta tashi zoben ya fara juyawa har ya wurgar da shi. Abin dariya ne kam, yara zasu so shi, kuma yana aiki. Sai dai ka ƙara wa kanka cajin batir, ranar da ya mutu baka sani ba ranar bikin kurege ce. Ni a ganina in ba nishaɗin kake nema ba mai sifirin ya wadatar, abin da bashi da inji ya fi daɗewa a cikin ruwa da rana.

Na uku keji. Bututun abinci a tsakiya, an kewaye shi da ragar ƙarfe mai ƙofofi kamar inci ɗaya da rabi, ƙaramin tsuntsu ya shige ya ci, kurege ya tsaya a waje. Babu abin da ke motsi don haka babu abin lalacewa, kuma yana da wani amfani da sauran basu da shi, ƙananan tsuntsaye suna ci a natse babu manya masu danniya. To amma wannan amfanin shine kuma aibinsa, ya danganta da wa kake son gani. In burinka ƙanana ne, keji ya gama maka komai, har tantabaru ya raba ka da su. In kuwa kana son manya masu kyau irin su kadinal da manyan makwakkwafi, ka kore su tare da kuregen. Wajen saye abu ɗaya zaka duba da kyau, tazarar da ke tsakanin raga da bututun. In ta matse, hannu kawai zai zura ya yaƙuto, ko ya girgiza kejin iri ya zube ya sauka ya tsince. Sai 'ya'yan kurege, su kan iya kutsawa ciki, wani ma ya ci ya ƙoshi fita ta gagare shi, don haka lokacin da suke fitowa daga sheƙa ka riƙa leƙawa. Wanke shi ma akwai ɗan wahala in ba mai buɗewa ta ƙasa bane.

Sai masu cewa a bar mazubi yadda yake a canza abincin. Akwai gaskiya a ciki. Abin da kurege ke mutuwar so shine baƙin irin sanfulawa da gyaɗa da masara da kitse mai haɗin gyaɗa, matsalar kuwa baƙin sanfulawan nan shine kuma wanda tsuntsaye mafi yawa suka fi so. Farin irin nan saflawa, na wani tsiro daban ba sanfulawa ba, yana da ɗan ɗaci da ɓawo mai tauri, kuregu da yawa basa damuwa da shi alhali kadinal da kurciya da wasu ƙanana suna ci. Nyjer kuma, wannan siririn baƙin irin da asalinsa daga Habasha yake, kurege baya ɓata lokacinsa a kai, sai dai tsuntsayen da ke cinsa kaɗan ne, yana buƙatar mazubi mai ƙananan ƙofofi, kuma yana saurin bushewa, in ya daɗe su ma tsuntsayen ƙi suke. Kuskuren da ake yi shine a gauraya saflawa da sanfulawa wai don a rage, ai ka ƙara ɓarna ne, zai tone ya watsar da wanda baya so ya zaɓi nasa. In zaka canza ka canza gaba ɗaya, ka kuma yi haƙuri na wasu kwanaki kafin tsuntsayen su karɓa. Da yunwa ta matsa a tsakiyar sanyi kuwa, saflawan ma ci yake, yunwa bata san ɗaci ba.

Barkono shi labarinsa ya fi daɗi. Sinadarin da ke sa yaji, kafsaisin, yana kama wata kafa ce a jijiyar dabbobi masu shayarwa wadda ake kira TRPV1, ita ke aika saƙon zafi. Tsuntsaye suna da irin kafar amma tasu bata amsa wa kafsaisin, David Julius da abokin aikinsa suka nuna haka a 2002, shi Julius ɗin ne ya samu kyautar Nobel a 2021 kan binciken yadda jiki ke jin zafi. Hikimar a daji ita ce tsuntsu ya haɗiye barkono ya kai irin nesa ya yar da shi lafiya lau, ɓera kuwa da zai tauna irin ya lalata sai yaji ya kore shi. To shine aka ɗauko aka shafa wa abincin tsuntsaye, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Cornell ya nuna kuregu suna rage ci sosai in an shafa, tsuntsaye kuwa basu fasa zuwa ba. Har nan lafiya. Amma a aikace, garin barkonon da zaka barbaɗa da kanka baya zama, ya gangara gindin mazubi, iska ta kwashe, ruwa ya wanke, ranar da kake zubawa iska ta juyo kuwa kai ne zaka fara shan hukuncin a ido da hanci, ga yara ga kare ga kyanwa da ke yawo a wajen. Wanda aka riga aka jiƙa da man barkono daga kamfani ya fi kamawa, musamman in irin ɓararre ne babu ɓawo, don in da ɓawo kurege ɓarewa yake ya yar da yajin ya ci tsakiyar. Sai dai shi kuɗinsa baya ƙarewa, duk buhun da zaka saya sai ka biya ƙarin, alhali shamaki sau ɗaya ne. Kuma akwai kuregun da ke daurewa su saba. Inda na ga barkono yafi amfani shine a dunƙulen kitse da ake maƙalawa a jikin bishiya don makwakkwafi, wajen da babu shamakin da zai yi aiki. Ka saka safar hannu in zaka taɓa.

Wasu kuma sulhu suke nema, su ajiye wa kurege masararsa da gyaɗarsa can ƙarshen gida don ya ƙyale mazubin. In kana son kallonsu ne to bismillah, suna da ban dariya. Amma a matsayin magani ban yarda da shi ba, abinci a banza labarinsa baya ɓuya, mai toka yana haihuwa har sau biyu a shekara in abinci ya wadata, yau biyu ne gobe shida, ranar da masarar ta ƙare kuma duk mazubinka zasu nufa. Ga ɓeraye da dare. Yana yin ma'ana ne kawai in mazubin ya riga ya tsaru da ɗaya daga cikin hanyoyin can na sama.

Akwai waɗanda ko kusa kar ka yi. Shafa giris ko man shafawa ko mai a jikin turke, eh zai sulmiyo, amma man yana manne wa gashinsa da fuka-fukan tsuntsaye, gashin da ya jiƙe da mai baya riƙe ɗumi baya tare ruwa, a lokacin sanyi kisa ne a hankali. Gam mai danƙo ya fi wannan muni. Guba kuwa bata san kurege ba, kyanwar maƙwabci da mujiya da shahon da zai ci gawar duk sun shiga. Ƙwayar kafur ta cikin kaya ma guba ce, ba a yi ta don a watsa a waje ba. Mujiyar roba da na'urar da wai take ƙara wadda kunnen mutum baya ji, su basa cutar da kowa sai aljihunka, kwana kaɗan ya gane babu komai, mujiyar ma tsuntsayen da kake nema zata fara tsoratawa. Tarko a kama a kai daji a saki kuma yana kama da tausayi amma ba haka bane, wani bincike da aka wallafa a 2004 a Amurka ya bi kuregun gari da aka kai daji, kashi 97 cikin 100 sun mutu ko sun ɓace cikin wata uku, in kuma uwa ce ka kama 'ya'yanta na sheƙa yunwa zata kashe su, gurbin da ta bari kuma wani zai cike kafin ka wanke tarkon. Ga doka, a Birtaniya laifi ne ka saki kurege mai toka bayan ka kama shi, jihohin Amurka da dama ma suna da ƙa'ida kan ɗaukar dabbar daji daga wani waje zuwa wani.

To in ka auna ka samu sararin ƙafa 10 ta ko'ina babu reshe a sama, turke da shamaki mai bututu, shikenan, ka zuba sanfulawanka son ranka baka buƙatar barkono ko mazubi mai tsada. In gidan matsattse ne ko bishiyoyi sun rufe shi ko a baranda kake, mai rufe kansa na ƙarfe da doguwar ƙugiya, in kuma ƙananan tsuntsaye kawai kake so ko tantabaru sun haɗu da kuregen sun dame ka to keji ya fi shi. Mai haya da ba zai iya kafa turke ba, ko wanda yake son ya gwada kafin ya kashe kuɗi, ya fara da saflawa zalla ya gani. Wanda filinsa rabi da rabi ne, misali akwai ƙafa 10 ta gefe uku amma katanga ta matso ta gefe ɗaya, shi ne zai haɗa biyu, shamaki a ƙasa don masu hawowa, mai rufe kansa a sama don masu dirowa.

Duk wadda ka ɗauka, ƙasan mazubin ka riƙa sharewa, don abin da ya zube shi ke fara jawo su tun kafin su ɗaga kai su ga na sama, iri ɓararre yana rage wannan sosai tunda babu ɓawo babu tonewa. Farantin da ake ɗaurawa a gindi don tare zuba yana taimakawa amma a kan mazubi mai sifirin kar ka saka sai wanda aka yi dominsa, in ba haka ba ka gina wa kurege wajen zama ne, kuma faranti yana tara kashin tsuntsu da danshi, ta nan cututtuka ke yaɗuwa a tsakaninsu, sai ana wanke shi akai-akai, mazubin kansa ma kamar duk sati biyu. Buhun abincin kuma a durom ɗin ƙarfe mai murfi zaka ajiye, in ka barshi a bokitin roba a waje zasu huda shi su bar maka mazubin da ka sha wahalar tsarewa.